Sharhi: Barin Motar Gida Mai Fetur Zuwa Mai Dizal

A Amurka, manyan motocin gida, masu siffar bas da ke ɗauke da gado da kicin da banɗaki, yawanci iri biyu ne: masu injin fetur a gaba da masu injin dizal a baya. Na yi amfani da duka biyun. Ta farko tana kan shasin Ford F-53 mai injin V10 na lita 6.8, ta biyu kuma tana kan shasin Freightliner XC mai injin Cummins na lita 6.7 da giyar Allison 3000 mai hawa shida. A ganina sauyin ya ci kuɗinsa, amma wanda ya yi shi don rage kuɗin mai zai yi da-na-sani. Abin da ake saya da wannan kuɗin shi ne birki, ɗaukar kaya da natsuwar tuƙi.

A takarda ƙarfin dokin injinan kusan ɗaya ne, 362 ga V10, 360 ga Cummins. Bambancin yana ga ƙarfin ja. A ma'aunin ƙarfin ja da ake kira fam-ƙafa, V10 yana ba da 457 sai ya kai juyi 3,250 a minti, shi kuwa Cummins yana ba da 800 tun bai kai juyi 2,000 ba. A kan hawa mai tsawo, mai fetur sai ta sauke giya injin ya yi ta ihu a juyi 4,500, kuma ihun a tsakanin kujerar direba da ta fasinja yake, har magana ba ta jiwuwa. Mai dizal ma takan rage gudu a hawa, kada wani ya ce maka ba ta yi, sai dai injin yana can baya ƙarƙashin gado, nisan mita goma da kunnenka. Sannan injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane hawan ƙafa 1,000. A ramin Eisenhower, inda babbar hanyar I-70 ta ratsa cikin dutse a Kolorado, sama da ƙafa 11,000 daga matakin teku, V10 ya riga ya zubar da wajen kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa. Tabon dizal yana cike mafi yawan wannan giɓin.

Gangara ce ta fi hawa muhimmanci, kuma a nan ne dizal ta fi burge ni. Daga wancan ramin zuwa garin Silverthorne gangare ne na kashi 7 cikin ɗari mai tsawon mil da dama. Mai fetur birkin mai gare ta. Idan aka daɗe ana danne shi faranti ya ɗau zafi, man birki ya tafasa, feda ta nutse. Mai dizal tana da birkin salansa: tabo yana matse hanyar fitar hayaƙi, injin ya riƙe motar, giyar kuma ta riƙa sauka da kanta. Ana kunna shi tun daga saman tudu, kafin gudu ya taru. Idan gudun ya wuce yadda ake so, a taka birki da ƙarfi har ya ragu da mil 5, a saki, a bar shi ya huce. Idan titi na santsi saboda ruwa ko ƙanƙara a kashe birkin salansa, domin tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, yana iya sa bayan motar ya zame.

Birkin ƙafa na mai dizal kuwa na iska ne, sai an koye shi. Bayan tayar da mota ana jira allurai biyu na iska su wuce 100 psi, wato ma'aunin matsin iska; kwamfireso yakan tsaya tsakanin 120 da 130. Idan iska ta faɗo ƙasa da 60 ƙararrawa za ta yi kuka, tsakanin 45 da 20 kuma birkin ajiya zai kama da kansa, ko a tsakiyar titi ne. Gwajin yoyo ba wuya: a wuri mai shimfiɗe, a sa wa tayoyi waigi, a kashe inji, a saki birkin ajiya, a danne feda minti ɗaya. Bayan faɗuwar farko, asarar kada ta wuce 3 psi. Giyar Allison 3000 ba ta da matsayin fakin, maɓallin nan ruwan ɗorawa shi kaɗai ke riƙe motar, kuma wanda ya saba da mai fetur yakan manta da haka a makon farko. A riƙa jan igiyoyin tankunan iska ana duba ruwa. Idan ruwa ko mai ya fito, matatar busar da iska ta gaji. Ana canza ta duk shekara biyu zuwa uku.

Wannan iskar ce kuma ke cika jakunkunan roba da motar ke zaune a kansu maimakon sifirin na ƙarfe. Tirela ta wuce ka ba ka kokawa da sitiyari, kwanuka ba sa kaɗawa a kabad, kuma bayan tuƙin awa shida kafaɗa ba ta ciwo.

Batun kaya a taƙaice yake. F-53 mafi girma iyakarta fam 26,000, kusan tan 12, kuma yawanci abin da aka yarda ta ja fam 5,000 ne. Mai dizal takan haura fam 30,000, ta ja 10,000, ga rumbunan ƙasa da suka ratsa daga wannan gefe zuwa wancan.

Mai fetur tana yin mil 6 zuwa 8 a galan, mai dizal 8 zuwa 10, amma galan ɗin dizal ya fi tsada a yawancin jihohi, sauran ribar kuma gyara ke cinye ta. Juyen baƙin mai a V10 bai kai lita 7 ba, kowane gareji zai yi. Cummins na shan wajen lita 16, ga matatun dizal guda biyu, ɗaya mai raba ruwa da mai, ga matatar iska mai girman bokiti, kuma aikin sai garejin manyan motoci inda kuɗin awa ya fi yawa. Injin yana ƙarƙashin gado ko kabad, wani gyaran sai an ɗaga benen ɗakin kwana. Tayoyi shida masu inci 22.5 shekaru ke kashe su tun zanensu bai goge ba. Lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke jikin taya suna nuna mako da shekarar ƙira, kuma tayar da ta kai shekara bakwai ba abin amincewa ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urorin tsabtace hayaƙi. Daga 2007 injinan suna da matatar toka a salansa, daga 2010 kuma suna shan ruwan DEF, wato ruwan da ake fesawa cikin salansa don tsabtace hayaƙi, wanda kashi 32.5 cikin ɗarinsa yuriya ce, wajen galan 2 zuwa 3 a kowane galan 100 na dizal. Matatar tokar tana buƙatar doguwar tafiya da zafi don ta ƙone abin da ta tara. Gajeren zirga-zirga da barin inji yana aiki a tsaye su ke toshe ta. DEF yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi, yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos. Idan na'urar auna shi da ke cikin tanki ta mutu, kwamfutar motar takan rage ƙarfi mataki-mataki har gudu ya koma mil 5 a awa, ko da injin lafiyarsa ƙalau. A 2021 masu motoci da yawa sun maƙale saboda ƙarancin wannan na'urar a kasuwa. Shi ya sa wasu ke neman motocin da aka ƙera kafin 2007, su yarda da tsufan jiki don su tsira daga wannan.

Zama ma cuta ne ga dizal. Tankin da aka bari rabi yana tara raɓa, ƙwayoyin cuta su yaɗu tsakanin ruwa da mai, su toshe matata a tafiyar farko. A cika tanki kafin ajiya, a zuba maganin kashe ƙwayoyin, a ajiye matatun canji a mota. Wanda ke fita sau uku a shekara zuwa sansanin da ke kusa da gida, gara ya riƙe mai feturinsa, musamman sabuwar F-53 mai injin V8 na lita 7.3 da ya maye gurbin V10.

Mai sayen ta hannu ya duba inda lagireto yake. Idan a baya yake, fanka na tura ƙura da tururin mai cikinsa har su zama laka, injin ya riƙa zafi a kan hawa. A haska tocila daga ɓangaren inji, domin daga waje tsaf zai bayyana. Na gefe ya fi sauƙin wankewa, ya kuma bar hanyar kai hannu ga bel. A nemi takardun gyara, a kai samfurin baƙin mai da ruwan lagireto da man giya ɗakin gwaji, a sa bakaniken manyan motoci ya karanta kwamfutar injin. A kuma duba lasisi kafin a biya kuɗi: a Texas motar da iyakar nauyinta ya wuce fam 26,000 tana buƙatar lasisin aji B, a Kalifoniya kuwa ana neman aji B wanda ba na kasuwanci ba idan tsawon motar ya wuce ƙafa 40.