Wata shida ina shafa man takrolimus a fuskata

Tun ina budurwa nake fama da soriyasis a gwiwar hannu, fata ta yi kauri tana ɓarewa fari-fari, da hunturu kuwa har tsagewa take. Shekara uku da suka wuce sai ga albaras a gefen idona da bayan hannu. Ban taɓa zaton akwai abin da ya haɗa su ba sai da na je wurin likitar fata. Ta kama hannuna, ta duba tsohon tabon ƙunar mai da farin ya bi shatinsa tsaf, ta ce, "Hajiya, ciwon nan naki biyu gida ɗaya suka fito."

Garkuwar jiki ce ta rikice. A albaras, sojojin jinin da ake kira ƙwayoyin T ne ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. A soriyasis kuma su suke ingiza fata ta riƙa sabuntuwa cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda. Duka biyun kuma suna son fitowa inda aka taɓa jin rauni.

Ta rubuta mini man takrolimus, mai kwantar da garkuwar jiki a inda aka shafa shi, mai ƙarfin 0.1%, safe da dare. Makon farko wurin ya yi ta raɗaɗi kamar an goga barkono, na kusa ajiye shi, amma ya lafa. A wata na uku na tsaya gaban madubi na ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a cikin farin, kowanne a gindin gashi. Wallahi sai da na yi hawaye, don na tuna ranar bikin da wata ta janye hannunta daga kwanon da muke ci, tana zaton kuturta ce. Yanzu ɗigon sun haɗe, fiye da rabin wurin ya rufe. Kuma bai sa fatata ta yi laushi ta siranta ba, kamar yadda man haɗin da na taɓa saya a kemis ya yi mini.

Bayan hannu kam ko gezau. Gwiwar hannu ma kaurinta ya fi ƙarfinsa, wani man daban aka ba ni. Ga tsada, ɗan kwalin giram 30 sai da lissafi.

Mai albaras a fuska, ina ba shi shawarar ya tambayi likitan fata game da man nan, ya kuma nuna masa duk wani tabo da ke jikinsa.