Gargaɗi ga masu shirin sayen mota a Gombe, dan Allah ku karanta kafin ku biya kuɗi

Salamu alaikum jama'a. Na yi ta jinkirin rubuta wannan abu saboda kunya, amma jiya na ga mutumin da ya sayar min da mota ya sake ɗora hoton wasu motoci uku a status ɗinsa na WhatsApp yana cewa "sabbin shigowa daga Kwatano", sai na ce a'a wallahi idan na yi shiru aka cuci wani har da hakkina a ciki. Ba zan kama suna ba don maganar tana hannun manya, dillali ne dai da ba shi da fili nasa, yau ka gan shi wajen Tumfure gobe Pantami, a ƙarƙashin bishiya yake nuna maka mota.

Corolla na saya a hannunsa, tokumbo daga Amurka. Jiki lafiya lau, AC kamar firji, mita tana nuna 78,000, babu fitila ko ɗaya da ke ci a dashbod. Ya dafa kafaɗata ya ce Alhaji wata tsohuwa ce ta hau ta a can, daga gida sai coci. Ni kuma da yake abin da na sani a mota shi ne in zuba mai in murza ki, na ga allo fes sai na ce alhamdulillah.

Kwana tara na ɗauki iyali za mu biki Bauchi. Mun wuce Alkaleri kaɗan sai na ji motar ta yi nauyi, ina taka totur ba ta amsawa, ga wani wari kamar an bar tukunya a wuta, na kalli allurar zafi tana nan daram a tsakiya, na ce ai ba komai na ci gaba. Uwargida ce ta fara ganin tururi ta gefen bonet. Kafin in samu gefen titi inji ya mutu. Da janwe muka dawo Gombe, gasket ya ƙone, top silinda ya lanƙwashe.

To a nan ne riwaya ya kwance dashbod ɗin ya kira ni ya ce yallaɓai zo ka ga ikon Allah. Allurar zafi an ɗiga mata gam a daidai tsakiya an yi mata shinge, tana tashi daga C ta zo rabi ta tokare, ko ruwa na tafasa a lagireto ba za ta wuce nan ba. Ita wannan allura saƙo take karɓa daga sensa da ke nutse cikin ruwan inji, inji mai lafiya yana aiki wajen digiri 90, in ya haura sosai sai ta nufi H ta ce maka tsaya. Tawa an ɗaure mata baki. Fitilar check engine kuwa, wadda ke nuna inji na da matsala, baƙin tef aka manna mata ta ciki, wato tun ranar da na saya tana ci, ni ne ban gani. Ta airbag sun haɗa wayarta da ta bakin mai don su mutu tare da zarar an tayar.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na san abu ɗaya tak da ban faɗa tarkon ba, kuma ko sisi ba ya ci. Ka murza ki zuwa ON kar ka tayar da inji. Dole duk fitilun su kama lokaci guda, check engine, mai alamar buta ta bakin mai, batir, ABS ta birki, airbag, domin motar tana gwada ƙwayayen fitilunta ne. Wadda ba ta kama ba a wannan lokacin an kashe ta ko an rufe ta. Mu fa tsoron fitila mai ci muke yi, ashe wadda ta ƙi ci ita ce abar tsoro. Sannan ta airbag da ta ABS da kansu suke mutuwa bayan 'yan daƙiƙu ko ba ka tayar ba, ta bakin mai da ta batir kuma sai inji ya tashi. In ka ga duka sun mutu tare tsaf kamar an ɗauke NEPA to akwai hannun mutum.

Wani abu da na koya a wannan wahala, fitilar buta ba yawan bakin mai take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa, shi ya sa masu ha'inci ke zuba mai kauri sosai a tsohon inji don fitilar ta yi shiru ƙara ma ta ragu. Ku zaro sandar ku taɓa da yatsa.

Sai maganar mita. Na farko dai motar Amurka mil take ƙirgawa ba kilomita ba, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, shi kuma dillalin kilomita ya ce min. Na biyu lambar kanta ƙarya ce. Mutane suna ɗauka tunda mita ta koma ta lantarki ba a iya juya ta, wallahi da kwamfuta ake sake rubuta lambar a ɗan cip ɗin da ke bayan allon. Ɗan yayana ya ɗauki lambar VIN, mai harufa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ya duba a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motocin Amurka, sai ga shi tun tana Amurka ta wuce mil 214,000. Tsohuwar nan lallai cocinta da nisa. Kuma da na lura robar birki ta suɗe har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, duk suna gabana ranar ciniki, AC ne ya rufe min ido.

Duk motar da aka ƙera don Amurka daga 1996 tana da soket na OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, a nan Gombe akwai masu sikana da yawa, za su soka su karanta maka ainihin zafin inji da duk laifin da kwamfutar motar ta ajiye, tef ba ya rufe wannan. Ranar ciniki na ce wa dillalin a kai wajen sikana sai ya ce haba Alhaji rashin yarda ce ta kawo haka, ai ga wani daga Kumo yana hanya da kuɗinsa a hannu, na ji kunya na bari. Ku zo da bakanikenku da riwayanku, banda wanda dillali ya kawo, ku ce a bar motar ta kwana a tayar a gabanku da safe tana sanyi, ku hau da ita hanyar Dukku ko ta Kumo da AC a kunne.

Na kira dillalin ya ce shi ma haka ya saye ta, kaya sun bar hannu, yanzu ma ya daina ɗaga wayata. Motar tana gareji sati na uku ke nan ina jiran inji. Cikin ukun da ya ɗora jiya akwai wata Camry ruwan toka, a hoton mitarta na nuna 61,000.