Carbfix: Sharhi Kan Kamfanin Da Ke Mayar Da Iskar Kabon Dutse

Carbfix na ƙasar Aislan yana karɓar iskar kabon dayoksaid, mai ɗumama duniya, daga tashar lantarki ta Hellisheidi da injinan kamfanin Climeworks masu zuƙo ta daga sararin sama, irin su Orca na 2021 da Mammoth na 2024.

Ana narkar da iskar cikin ruwa da matsi mai ƙarfi, ruwan ya yi tsami, sai a tura shi ta rijiya zuwa cikin baƙin dutsen aman wuta, ɗaruruwan mitoci a ƙarƙashin ƙasa. Tsamin yana fito da ma'adinan kalsiyam da magneziyam da ƙarfe daga jikin dutsen, su haɗu da kabon su daskare. A gwajin da aka fara a 2012, sama da kashi 95 cikin ɗari na iskar ya zama dutse cikin ƙasa da shekara biyu. Nan tsarin ya fi na masu ɗura iskar zalla a ƙarƙashin ƙasa, domin ruwan ya fi ruwan da ke can ƙasa nauyi, nutsewa yake yi, fargabar yoyo kaɗan ce.

Matsalar ita ce ruwa: kowane tan ɗaya na iskar yana cin kimanin tan 25, abin da ke da wuya a ƙasa mai fari. Ruwan tsamin yana cin bututun ƙarfe, kuma idan ma'adinan suka daskare dab da bakin rijiya, sai ta toshe. Masana'antar da ba ta kusa da irin wannan dutsen dole ta biya kuɗin jigila, wanda kan iya cinye ribar tsarin.