Sharhi: Gyaran Giyar Atomatik ta Motar Dizal Mai Jan Kaya

Motar da nake jan tirela da ita ƙatuwar a-kori-kura ce mai injin dizal na silinda shida, kuma giyarta atomatik ce irin ta da, mai hawa huɗu. Da shekaru suka ja, sai ta fara jinkiri wajen shiga giya ta uku, injin ya yi ta gurnani alhali motar ba ta ƙara gudu, man giya kuma ya sauya daga ja zuwa ruwan ƙasa yana warin ƙuna. Maimakon sayen wata giyar, na zaɓi a sabunta farantin bawuloli, wato sashen da ke sarrafa matsin mai da canjin giya, a sa sabuwar kwanbata mai faifai uku, wato na'urar da ke miƙa ƙarfin injin zuwa giya ta hanyar mai, sannan a ƙara na'urar sanyaya mai da gejin zafi.

Dalilin da ya sa giyar motar dizal take shan wahala fiye da ta mai fetur yana cikin ɗabi'ar injin ne. Injin dizal yana ba da cikakken ƙarfin murɗarsa tun yana juyi kaɗan. Injin Cummins mai lita 5.9, alal misali, yakan kai ƙololuwa a wajen juyi 1,600 a minti. Famfon da ke cikin giya kuwa injin ne yake juya shi, saboda haka a daidai lokacin da ake buƙatar matsin mai sosai domin faifan kulochi su damƙe, a lokacin ne famfon yake tafiya a hankali. Masu ƙera motoci kuma sukan tsara canjin giya ya zama mai laushi don direba ya ji daɗi, alhali laushin nan zamewa ce ta faifai, kuma kowace zamewa tana haifar da zafi tana cinye fatar kulochin.

Farantin bawulolin shi ne ya fi ba ni gamsuwa. An canza sifirin da wasu bawulolin da suka zaizaye, aka ɗaga matsin mai, sai canjin giya ya zama gajere kuma tabbatacce, ba tare da ratar da injin yake ɓata ƙarfinsa a banza ba. Idan motar tana ɗauke da nauyi a kan tudu, giya ta uku tana shiga nan take ta kuma riƙe. Akwai wani amfanin da ban san darajarsa ba sai daga baya: wasu tsofaffin giyoyi, irin su 47RE da 48RE, ba sa tura mai sosai zuwa kwanbata da na'urar sanyayawa idan sandar giya tana kan P, shi ya sa ake auna mansu a kan N. Gyararren faranti yana sa mai ya zagaya ko a tsaye ake, don haka motar ba ta yin nawar tashi da safe.

Kwanbatar tana da nata alheri. Faifai uku sun fi ɗaya faɗin wurin kamu, saboda haka da zarar ta kulle, wato faifanta suka damƙe suka haɗe injin da giya, sai ƙarfin injin ya wuce kai tsaye zuwa ƙafafu, karkarwar da nake ji a babbar hanya kuma ta ɓace. Amma ina ganin wanda ba ya jan kaya masu nauyi kuma bai ƙara wa injinsa ƙarfi ba zai iya wadatuwa da kwanbata mai faifai ɗaya mai inganci.

A kan batun zafi, gejin ya nuna mini abin da ido ba ya gani. Man giya ya fi samun lafiya a tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan ya daɗe a sama da 120 sai ya fara lalacewa, robobin da ke toshe mai su ƙandare. Zafin ya fi hauhawa a cunkoso da kuma lokacin ja da baya da tirela, domin a nan kwanbata ba ta kulle ba. Tun da aka ƙara na'urar sanyayawar, allurar ba ta ƙara kusantar wurin da yake tayar mini da hankali ba.

Aikin yana da nasa cikas, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Idan motar ba ta da kaya, ana jin ɗan bugu wajen shiga giya ta biyu, musamman kafin mai ya ɗumama, wanda ya saba da laushi kuwa zai ga kamar wani abu ya lalace. Haka kuma, ƙarfin da a da yake salwanta ta hanyar zamewa yanzu yana sauka ne a kan sandar da ke shigar da ƙarfi cikin giya, wadda takan karye idan aka haɗa kulle mai tsauri da injin da aka ƙara wa wuta. Saboda haka na roƙi makaniken ya tsaya a matsakaicin matsi, ni kuma nakan sassauta totur idan kwanbata za ta kulle a ƙaramin gudu. Kafin a taɓa faranti, ya dace a sauke kaskon mai a duba: idan an tarar da ɓarɓashin ƙarfe ko baƙin garin kulochi da yawa, giyar tana buƙatar a kwance ta gaba ɗaya, domin ƙarin matsi ba ya mayar da fatar da ta riga ta cinye.