Kayan hawan doki ga masu buƙata ta musamman: me za a saya, me za a bari

Kafin a duba kyau ko ƙwarin kowane kaya, a fara da tambaya ɗaya: idan doki ya yi tuntuɓe ko ya zabura, wannan abin zai saki mahayi ya faɗo shi kaɗai, ko zai riƙe shi a ja shi a ƙasa? Hukumar wasannin dawakai ta duniya, FEI, wadda ke kula da wasannin hawan doki na nakasassu tun 2006, a kan wannan ta gina dokokinta: duk gyaran da aka yi wa sirdi dole ya bar mahayi ya rabu da doki. Ko ba gasa za a shiga ba, wannan ma'auni ya dace da kowa.

Sirdi ne ke cin mafi yawan tunani. Wanda ke iya riƙe gangar jikinsa a miƙe, ƙafa ce kawai ba ta da ƙarfi, kamar mai shan inna, sau da yawa sirdin da aka saba ya ishe shi, a ƙara masa matashin gwiwa mai kauri gaba da bayan cinya don kada ƙafa ta riƙa lilo. Wanda kuwa ƙugunsa ba ya riƙe shi, shi ke buƙatar sirdi mai zurfi, mai doguwar kwacciya gaba da baya. A nan mutane ke wuce gona da iri. Zurfi yana ba da natsuwa, amma yana wahalar da hawa da sauka, musamman ga mai taurin jijiya wanda ba ya iya ɗaga ƙafa ya tsallake kwacciyar baya. A gasa, FEI ba ta yarda zurfin ya wuce santimita 12 ba, kuma ta ce a bar tazarar santimita 3 tsakanin duk wani majingini da jikin mahayi. Sirdin kaboyin Amurka yana da faɗin mazauni da ƙahon riƙewa, shi ya sa yake ba sabon mahayi ƙwarin gwiwa, sai dai yana da nauyi, kuma ƙahon yana dukan ciki idan mutum ya rusuna gaba. Faɗinsa ma matsala ne ga wanda cinyoyinsa ke matsewa: buɗe su da ƙarfi yana tayar da taurin, a wasu ma yana taɓa gaɓar ƙugu. Irin wannan mahayi siririn doki da siririn sirdi yake so, ko kuma shimfiɗa mai kauri da majayi mai hannuwan riƙewa, inda ɗumin jikin doki ke taimakawa jijiya ta saki. Amma shimfiɗa ba ta raba nauyi a bayan doki kamar sirdi mai katako, don haka ba ta dace da babban mutum ko doguwar tafiya ba.

Wanda ba ya jin taɓi daga ƙugu zuwa ƙasa, kamar mai raunin laka, ba zai san sirdi yana cin sa ba sai fata ta buɗe. A saya masa shimfiɗar mazauni ta fatar tumaki mai gashi ko ta roba mai laushi, a shafa da hannu a tabbatar babu ɗinki ko ƙarfe a inda cinya ke kwanciya, a kuma duba fata bayan kowane hawa. Jan da bai ɓace ba bayan kamar rabin awa alama ce ta a dakata. Idan raunin lakar ya kai ƙashin baya na shida na ƙirji ko sama, ɗan matsi kaɗai na iya sa hawan jini ya tashi farat ɗaya, saboda haka sai da amincewar likita.

Mariƙin hannu a gaban sirdi abu ne mai sauƙi, kuma yana hana mahayi rataya a bakin doki. Na fata mai laushi ya fi na ƙarfe aminci. Iyakarsa a gasa faɗin santimita 30, tsayi santimita 10 sama da kwacciya.

Likkafa ce wurin da haɗari ya fi yawa. Mai zoben roba a gefen waje tana buɗewa idan an faɗi, amma ƙarfenta ɓangare ɗaya ne, yana iya lanƙwashewa ƙarƙashin babban mutum, kuma ƙugiyarta na kama wando wajen sauka. Ta yara ce da marasa nauyi. Mai rufin gaba, wadda ke kama da bakin takalmi, tana hana ƙafa zurmawa ciki gaba ɗaya, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda tafin ƙafarsa ke faɗuwa ƙasa ko mai sa takalmin asibiti. Mai maganaɗisu tana riƙe ƙafa ba tare da ɗauri ba, sai dai tana buƙatar shimfiɗar takalmi ta musamman. Kowacce aka zaɓa, a auna ta da takalmin da za a hau da shi, a bar sarari kamar kaurin yatsa a kowane gefe. Idan ƙafa na zamewa, siririn zoben roba da zai tsinke da an fizga ya wadatar. Igiya ko bel, a'a. Haka maɗaurin Velcro, wato mai mannewa a ɓalle, a cinya: FEI ta taƙaita kowane wurin da ya haɗu zuwa faɗin santimita 3 da tsawon santimita 6, jimilla kada ta wuce murabba'in santimita 50. Wanda ya ƙara faɗi don ya fi riƙewa ya ɓata amfanin abin.

Kamazuru kuwa ya danganta da hannu. Mai raunin yatsu ya nemi mai madaukai, ya zura yatsu ko tafin hannu ba sai ya damƙe ba, da sharaɗin madaukin bai kai girman da zai zarce wuyan hannu ya maƙale ba. Mai hannu ɗaya yana da zaɓi biyu: kamazuru mai matakai kamar tsani, ko mai sanda guda a tsakiya. Na tsani yana ba da damar rage tsawo mataki-mataki, amma idan ya suɓuce yana iya rataye a ƙahon sirdi. Na sanda ya fi isar da umarni daidai da juya wuyan hannu, sai dai tsawonsa ɗaya ne. Mai launi-launi yana taimakon wanda ke rikita dama da hagu, malami ya ce masa kama ja ko kama shuɗi. Idan hannu na karkarwa ko fizga, a ɗaura kamazurun a ragama maimakon linzami, kada bakin doki ya sha wahala.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne yadda za a hau. Matakala mai hawa uku ko huɗu ta ishi mai iya tsayuwa. Mai keken guragu sai dandamali mai gangara, tsawon mita 12 ga kowace mita ɗaya ta tsayi, da abin dafawa da daɓen da ba ya santsi. Na'urar ɗaga mutum ta fi sauƙi ga masu taimako, amma dole a saba wa doki da ƙararta da inuwarta tukuna, ba ranar farko da mahayi a rataye ba.

Hular kwano a duba cikinta a ga shaidar ma'aunin inganci, wato ASTM F1163, PAS 015 ko EN 1384, kuma kada a sayi wadda wani ya yi amfani da ita, don tsagewar ciki ba ta nunawa a waje. Ta keke ba ta maye gurbinta. A ƙarshe a haɗa nauyin mahayi da na sirdi a gwada da na doki: ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma ga mahayin da ba ya iya daidaita zamansa gara a tsaya ƙasa da haka, domin nauyin da ke karkata gefe guda ya fi gajiyar da bayan doki. Inda mai sayarwa ya yarda, a karɓi sirdi a gwada shi a kan dokin da za a hau, mahayi a kai, likitan gashin ƙashi na kallon yadda ƙugu ya zauna.