Malesiya ko Turkiyya na zango ɗaya? Ki ɗauki Malesiya, ƙanwata

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda sashenku na jami'a ya ba ki zaɓi tsakanin Malesiya da Turkiyya a shirin musayar ɗalibai, kuma zangon karatu ɗaya ne za ki yi ki dawo Birnin Kebbi, ki ɗauki Malesiya.

Wata huɗu zuwa biyar ba su kai a ɓata rabinsu wajen koyon sabon yare ba. A Malesiya da Turanci ake koyar da yawancin kwasa-kwasan da ake ba baƙi, kuma in kin fita waje mai shago da direban Grab (tasin da ake kira ta manhajar waya) da ma'aikaciyar asibiti duk za ku fahimci juna. A Turkiyya kuwa, ko ajinku na Turanci ne, kina barin ƙofar makaranta sai Turkanci, ga zirga-zirgar neman ikamet, takardar izinin zama da ake buƙata in za a wuce kwana 90.

Ni a Universiti Putra Malaysia da ke Serdang na yi nawa, ɓangaren noma. An kai mu Sekinchan a jihar Selangor, inda suke girbin shinkafa sau biyu a shekara. Mu ma muna noman rani a fadamar Argungu da Suru, amma can na ga yadda ake raba ruwa ta magudanan da aka ja a miƙe, kowace gona da lokacinta, babu mai kwana yana gadin injin ban-ruwa. Abin da na rubuta a kai ke nan a aikina na ƙarshe bayan na dawo. Azumi ma can ya same ni, awa 13 da 'yan kai, ba tsawo. Akwai wata dattijuwa mai sayar da abinci a kantin ɗakunan kwananmu, makcik muke ce mata, wato inna. Da ta lura shinkafarsu mai kwakwa ba ta karɓe ni ba, sai ta riƙa ajiye mini bubur lambuk, wani faten shinkafa da masallatai ke rabawa kyauta a watan, ta zuba mini barkono a gefe tana dariya wai 'yan Najeriya ba su da tsoro. Allah ya saka mata da alheri.

Ga abin da zai kwantar wa Baba hankali in kin je neman izini: ɗakunan kwanan mata daban suke, kusan kowane gini da wurin salla da suke kira surau, hijabi ba abin kallo ba ne, jirgin ƙasa na KTM Komuter har taragon mata zalla gare shi. Soket ɗinsu ma irin namu ne mai baki uku.

Ba wai babu wahala ba. Tafiya ce mai nisa, sai an sauya jirgi, tikiti zai ci kuɗi. Suna gabanmu da awa 7, lokacin da Mama ta idar da Isha'i tana son hira ke kina tsakiyar barci. Zafinsu bai kai namu na watan Afrilu ba, amma na gumi ne, wanki ba ya bushewa da wuri. Ki tafi da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishi ki bar shi gida, ana tsaurara shigar da nama.

Turkiyya ba laifi, tana da kusa: jirgi ɗaya daga Abuja zuwa Istanbul, bambancin awa 2. Amma zangon Satumba zuwa Janairu cikin hunturu yake ƙarewa, a Ankara har dusar ƙanƙara, ki sayi rigunan sanyi masu tsada da ba za su sake yi miki amfani a Kebbi ba. Tsadar kaya a can ta haura kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022, kuma lissafin da wani ya ba ki na bara ba zai yi miki aiki bana ba. Abu ɗaya zai sa in canza magana: in gurbin Turkiyyan na Erasmus+ ne, shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai mai biyan kuɗin wata da Yuro da tallafin jirgi. In haka ne, ki sayi rigar sanyin ki tafi.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: ki kiyayi ejan. A yawancin yarjejeniyoyin musaya kuɗin makaranta a gida ake biya, don haka duk wanda ya ce ki tura masa kuɗin makarantar can a asusunsa, ɓarawo ne. Wasu za su ce miki Turkiyya, ashe Arewacin Cyprus suke nufi, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Hukumar NiDCOM, mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, ta gargaɗi iyaye a kansa tun 2020. Takardun Malesiya ta hannun EMGS, hukumar da ke kula da bizar ɗaliban waje, suke bi, kuma da lambar fasfonki za ki iya duba inda aka kwana a shafinsu da kanki. Kada ki sayi tikiti sai takardar amincewar biza ta fito. Katin rigakafin shawara na gaskiya za ki yi, a yi miki allurar. Kuma ko 'yar ɗakinku ce ta ba ki ƙulli ki kai wa wani, ki buɗe shi a gabanta; hukuncin safarar ƙwaya a Malesiya yana iya kaiwa ga kisa.

Kafin duk wannan, ki kai wa shugaban sashenku jerin kwasa-kwasan da za ki ɗauka a can, ya rubuta wanne ne zai maye gurbin wanne a nan, ya sa hannu da hatimi, ki ajiye kwafi biyu. Ba da baki ba. In an canza shugaba kafin ki dawo, takardar nan ce za ta hana a ce ki maimaita zango.