Irin gida ko irin leda: wanne ya fi wa mai lambun bayan gida?

Hajiya, kin ce kina shuka tumatir da kuɓewa da alayyafo a buhuna a bayan gidanki a Unguwar Rimi da ke Kaduna, kuma kuɗin iri ya fara isar ki, shin ki riƙa cire naki ko ki ci gaba da sayen na leda? Amsar ta danganta da abin da ke cikin buhun.

Kafin komai, ɗauko ledar da kika saya ki duba. Idan kin ga an rubuta F1, aure aka haɗa tsakanin iri biyu, kuma kyan nasa na shukar farko ne. In kin cire ƙwayarsa kin sake shukawa zai tsiro, zai ma yi 'ya'ya, sai dai kowane gindi da kamanninsa, kamar jikokin gida ɗaya, wannan ya ɗauko dangin uwa, wancan na uba. Wani ya yi ƙanana, wani ya yi ruwa-ruwa. Amma tumatir irin su Roma VF da UC82B, waɗanda masu noman rani suka daɗe da sani, ba na aure ba ne. Abin da kika shuka shi za ki samu baɗi, domin furen tumatir shi yake yi wa kansa barbara. Shi kuwa tumatirin kwando da ake sayowa a Kasuwar Kawo, ba wanda zai iya gaya miki asalinsa, shuka shi sa'a ce kawai.

A wajen kayan miya, ni dai irin gida nake fifitawa ba tare da shakka ba. Kuɓewa ki zaɓi gindi biyu ko uku mafi lafiya, ki ɗaura musu tsumma don kada yara su tsinke, ki bar 'ya'yan su bushe a jiki har su yi ruwan ƙasa su fara tsagewa, ki girgiza ki ji suna kacau-kacau. Alayyafo kai ɗaya zai ba ki irin da ya ishe ki har ki raba wa maƙwabta, ki yanke shi ki zazzage a faranti ki sheƙe. Haka lalo da rama da ɗoɗɗoya, yakuwa kuma gurguzunta yana nan cikin ƙoƙon. Na'a-na'a ba ta ma buƙatar wannan wahala, reshe ake dasawa.

Tumatir ne mai ɗan aiki. Ki matse wanda ya nuna sosai a kwalba da ruwansa, ki bar shi kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami, saboda yauƙin da ke lulluɓe da ƙwayar yana hana ta tsira. Za ki ga farar fumfuna a sama, warin ma ba daɗi, kada ki damu. Ki ƙara ruwa ki dama, mai kyau zai kwanta a ƙasa, ki tsiyaye sauran, ki shanya a inuwa. Gindin da ganyensa ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare, kada ki ɗauki iri a jikinsa, wasu cututtukan ta ƙwaya suke bi.

Inda na leda ya yi wa na gida fintinkau shi ne kabeji da karas. Su sai sun sha sanyi mai tsawo kafin su yi fure, hunturunmu bai kai nan ba. Irin albasa kuma ba ya jure ajiya, shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa ya tafi, alhali na tumatir yana kaiwa shekara 4 in ya samu wuri busasshe. Tattasai da barkono su ma akwai magana: in suna kusa da juna ƙudan zuma na haɗa su, sai baɗi ki ji tattasai da yaji. Ga kuma irin leda an tantance shi, galibi an shafe shi da maganin fumfuna, shi ne launin ja ko kore da kike gani, don haka a nisanta shi da yara da kaji. Ki duba kwanan watan da ke jikin ledar, wadda ta sha rana a kan tebur ba ta fi naki ba.

Babban abokin gabar irin gida a Kaduna shi ne laimar watan Agusta. Abin da aka cire a damina ba ya bushewa sosai, shi ya sa ya fi kyau a bar na kaka, iskar hunturu ta ƙarasa aikin. Iyayenmu toka suke cuɗawa su zuba a gora, ƙwaro ba ya son ta, tana kuma shanye danshi. Kwalba mai murfi ta fi gora tsare laima, amma da sharaɗin irin ya bushe ƙayau, in ba haka ba a ciki zai ruɓe. Ni haɗa su nake yi, toka kaɗan a cikin kwalba, in rubuta suna da wata a jiki, in ajiye nesa da murhu.

Mako biyu kafin shuka ki naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle. In 7 ko 8 suka tsiro, riƙe kuɗinki. In ba su kai 5 ba, ki sayi na leda a wannan karon.